Wuta Ce Ba Ta Isar Su

Bai taɓa yanka ko kaza ba, amma duk layin masu gyaran kwamfuta Sarkin Fawa ake kiransa. Sunan ya fito ne daga akwatin ƙarfen nan da ke zaune a kusurwar cikin kowace kwamfuta, mai karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kaya gwargwadon cikinsu. Masu sana'a fawa suke ce mata, shi kuwa shekara talatin ya yi yana buɗe ta yana rufewa. Abin da ya ƙara manna masa sunan shi ne yadda yake gane mai kyau. Ba ya duba rubutun jikinta. Ɗora ta yake yi a tafin hannu, ya ɗaga ya sauke sau biyu kamar mahauci da cinyar rago, sannan ya yanke hukunci. In ya ce, "Wannan tana da tsoka," sai a saya. In ya ce, "Wannan ƙashi ce da iska," ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani.

Gaskiya kuma hannun nan bai cika yin ƙarya ba, kuma abin da ya lalata shi ke nan. Lissafinsa ɗaya ne tun yana saurayi: ya haɗa wutar da kowane kaya ke ci, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a sama don kwanciyar hankali, ya nemo fawa mai wannan ƙarfin. Lissafin bai taɓa kunyata shi ba, don haka bai ga dalilin da zai sa wani ya zo ya koya masa sabo ba.

Kullum da rana tsaka za ka ga tsani jingine a ƙofar shagonsa, tsohon tsanin alminiyan da aka ɗaure matakinsa na uku da shuɗiyar waya. In ka gan shi, to Dogo mai wayarin ɗin lantarki yana ciki yana shan shayi. Abokai ne tun ba su da gemu, daga baya Sarkin Fawa ya auri ƙanwar Dogo, abota ta zama zumunta. In yana son tsokana sai ya rusuna ya ce masa, "Yaya, sannu da zuwa." Dogo kuma ya ce, "Sarki, yau ina tsokar tamu?" Shekara da shekaru wannan gaisuwar ba ta tsufa a wurinsu ba, ko da yake duk maƙwabta ta ishe su.

Dogo ne ya kawo masa aikin. Akwai wani ofis a hawa na uku na wani bene, inda ake zana gine-gine a kwamfuta kafin a aza ko bulo ɗaya. Dogo ya yi wayarin benen gaba ɗaya, kuma shi ake kira in ko ƙwan fitila ya mutu. Mai ofishin, wata mata ce da kowa ke ce wa Injiniya, ta ce tana son sababbin kwamfutoci shida masu ƙarfin gaske. Dogo bai yi wata-wata ba ya ce mata, "Ranki ya daɗe, ina da mutum. In ya haɗa miki, ki rufe ido ki yi barcinki."

Kayan da suka fi komai girma a cikin aikin su ne katunan hoto, waɗanda ke juya zane ya fito kamar ginin gaske, har da inuwa da hasken taga. Kowanne tsawon kamu ɗaya, da fanka uku a jikinsa. Da dillalin kaya ya kawo su, sai ya haɗa masa da wasu takardu da aka maƙale da allura a kusurwa.

"Ka karanta wannan, Sarki," in ji dillalin. "Masu ƙera kayan sun fito da sabuwar ƙa'ida a kan fawa. Abubuwa sun canza."

"Wuta ce ta canza?" Sarkin Fawa ya tambaya yana dariya. "Yaushe aka yi haka ba a gaya mini ba?"

Ya karɓa don kada ya ba mutum kunya, ya jefa a kan teburi. Kafin la'asar takardun sun sami aiki: butar shayi aka ɗora musu don kada ta ƙona katako.

Ya yi lissafinsa, ya ba shi wat ɗari bakwai da hamsin. A saman kantar shagon kuwa yana da fawa shida masu wannan ƙarfin, tsohon yayi amma sababbi fil a leda, waɗanda ya daɗe yana ajiya sai aikin da ya cancance su ya zo. Ya auna su ɗaya bayan ɗaya, duk tsoka. Bakin da katunan ke shan wuta da shi sabon salo ne, wayar tsohuwar fawa ba ta shiga, amma a cikin kwalin akwai mahaɗi mai kai uku da ke haɗa tsoho da sabo. Ya jona, ya kunna, komai ya tashi lafiya lau. Ya kai su ofis ya jera, Dogo yana gefe yana washe baki kamar shi ya haife su.

Kwana goma aka yi ana yabon su. A na sha ɗaya Injiniya ta kira su duka biyun, kuma muryarta ba ta gaisuwa ba ce.

Ɗakin zanen dogo ne, tebura shida a jere, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana huci. Injiniya ta tsaya a bayan ɗaya daga cikin masu zanen ta ce masa ya nuna musu. Ya buɗe zanen wani babban asibiti da suka yi wata biyu a kansa, ya danna inda ake dannawa don hoton ƙarshe ya fito. Fankokin suka ɗauki kuka. Ba a yi minti ɗaya ba sai ɗif, kwamfutar ta mutu kamar an shaƙe ta.

"Haka suke yi," in ji Injiniya. "Rubutu lafiya, ƙaramin zane lafiya. Da an ɗora musu babban aiki sai su faɗi. Jiya huɗu suka yi mini haka, ga masu asibitin suna jirana. Ina son a gaya mini mene ne."

Sarkin Fawa ya tsuguna a gaban teburin. Abu biyu ya gani, kuma har ya mutu ba zai iya cewa bai gan su ba. Fitilun sama ba su ko ƙifta ba. Allon kwamfutar kuma, wanda ke jone a soket ɗaya da ita, 'yar fitilarsa tana nan a kunne tana jiran hoto. Da wutar bango ce ta ɗauke, da allon ma ya tafi. Ya sa hannu a bayan akwatin, ya ji ɗumin fawar da ya zaɓa da kansa. Bai san yadda aka yi ba tukuna, amma ya san wajen da abin yake.

Ya miƙe. Idon mutum bakwai a kansa, ban da na Dogo. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranki ya daɗe, wuta ce ba ta isar su."

To, ba za a ce ya yi ƙarya ba. Wutar da ke fitowa daga fawa wuta ce, wadda ke fitowa daga bango ma wuta ce, kalmar ɗaya ce. Amma a ɗakin nan mutum ɗaya ne ake kira in an ce wuta. Injiniya ta juya a hankali ta dubi Dogo.

"Ka ji," ta ce. "Layin wutarka ne."

Dogo ya dubi soket, ya dubi Sarkin Fawa. Kalma biyu kawai ake bukata a wannan lokacin. Da Sarkin Fawa ya ce, "Ta ciki," da shi ke nan an wuce wurin. Sarkin Fawa ya ji su a kan harshensa, ya ji nauyin sunansa a kansu, ya haɗiye. Ya sunkuya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

"Tunda Sarki ya faɗa," in ji Dogo, "zan duba, ranki ya daɗe."

Da ya koma shago bai zauna ba. Ya ɗage butar shayi, ya zaro takardun. Zoben shayi ya yi musu ado har shafi na huɗu, amma ana iya karantawa. Ya karanta da yatsa a kan layi kamar mai koyo.

Abin da takardun suka ce mai sauƙi ne, sauƙin ma shi ya fi ba shi haushi. Sababbin katunan ba sa cin wuta a jere kamar na da. In aiki ya yi nauyi sukan kai wawura, su ja har ninki uku na abin da aka rubuta a jikinsu, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, su saki. Don haka aka ce sabuwar fawa dole ta iya jure ninki biyu na ƙarfinta a wannan ɗan lokacin ba tare da ta firgita ba. Aka kuma ba ta wayarta ta musamman, mai manyan haƙora goma sha biyu da ƙanana huɗu, ƙananan su ne ke shaida wa katin iyakar abin da zai iya ja. Tsohuwar fawa ba ta san da wannan zance ba. Da ta ji wawurar sai ta ɗauka gobara ce za ta tashi, ta yanke wuta don ta ceci kayan. Wato fawoyinsa ba su lalace ba. Aikinsu suke yi da gaskiya, a zamanin da ya wuce su.

Ya ɗauki waya zai kira Dogo. Ya ajiye. Ya ce bari ya fara tabbatarwa. Washegari ya sa dillali ya kawo masa fawa ɗaya ta sabuwar ƙa'ida, ya ɗora ta a hannu, ya ji ba ta ma kai nasa nauyi ba, ya yi tsaki. Amma ya ajiye ta a ƙarƙashin kanta, a bayan kwalaye, inda mutum ke ajiye abin da ba ya son haɗa ido da shi.

Daga nan sai gobe ta fara haihuwar gobe. Ya ce wa kansa ai Dogo zai auna layin ya ga lafiya, ya gaya wa matar, magana ta dawo kan kwamfuta da kanta ba tare da shi ya tone kansa ba. Ya ce wa kansa wataƙila ma layin yana da 'yar matsala, wa ya sani, bene ne babba. Mutum in yana neman uzuri ba ya rasawa, shi kuwa ya nema da gaske.

Dogo bai dawo da maganar kan kwamfuta ba. Ɓalle ɗakin ya yi. Kwana tara yana kan tsani, ya zare wayoyin da ya sa da hannunsa ya zura masu kauri, ya ba kowane tebur layinsa daban tun daga akwatin fis mai rarraba wuta. Masu zane suka koma baranda da ƙananan kwamfutoci suna harararsa. Ranar da ya gama, aka kunna, aka ɗora zanen asibiti, aka ji ɗif.

Injiniya ba mai hayaniya ba ce, kuma da ta yi hayaniyar da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Baba, na gode da ƙoƙarinka. Zan nemo wani ya duba." Kafin mako ya zagayo maganar ta sauka hawa na biyu, ta sauka na ɗaya, ta kai ga mai benen. Aka karɓi makullin ɗakin mita daga hannun Dogo. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu yana hawa yana sauka a benen nan, aka ce masa in an bukace shi za a kira.

Tsanin ya daina bayyana a ƙofar shago. Sarkin Fawa yana dafa shayi kofi biyu bisa sabo, ya sha ɗaya, ɗayan ya huce. Kunya ce ke cinsa, kunya tsagwaronta, kuma kullum da ya ƙara kwana sai ta ƙara tsada, don yanzu ba kuskuren fawa kawai zai amsa ba, har da kowace rana da ya yi shiru.

A gida ma bai tsira ba. Wata safiya matarsa tana guga a falo, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ka ga Yaya kwanan nan?"

"Aiki ya yi mini yawa."

"Na je jiya. Yana zaune a tsakar gida da rana tsaka, kamar mara lafiya. Mutum biyu suka zo neman sa da aiki ina wurin, ya ce su nemi wani. Har tabarau ya sa, Yaya da ke zura zare a allura in na kasa." Ta kife dutsen gugar ta dube shi. "Kai ne abokinsa. Ni ba zai gaya mini ba, kai zai gaya wa. Ka je ka ji abin da ke damun sa."

Ya ce to. Ya karɓi rigar da ta goge masa, da ɗuminta da komai, ya ji kamar ya sato ta ne.

Bai je ba. Dogo ne ya zo, ranar wata Laraba da hantsi. Bai jingina tsanin a ƙofa ba, shigo da shi ya yi har ciki, ya kwantar da shi a jikin bango a bayan kanta. Ya rame. Tabarau mai baƙin kewaye ya zauna a fuskarsa kamar na aro.

"Yaya, sannu da zuwa," in ji Sarkin Fawa.

"Sarki." Bai tambayi tsoka ba. "Ga wannan. In ka ga wani mai sana'a da ke bukata ka ba shi. Matakin nan na uku ka gaya masa ya bi shi a hankali."

"Kai kuma ka hau me?"

"Na gama hawa. Aikin wuta ba a yin sa da lalube. Yau kwamfuta ce ta mutu, an yi sa'a. Gobe gidan mutane ne da 'ya'yansu a ciki. Tunda na kai inda zan yi kwana tara a ɗaki ɗaya ban ga abin da ke gabana ba, gara in sauka da ƙafata kafin a sauke ni da gawar wani."

Ya faɗi haka ba da fushi ba, ba da neman tausayi ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Wannan ne ya karya Sarkin Fawa. Ya daɗe yana shirin ranar da Dogo zai zo ya tuhume shi, har ya tanadi amsoshi. Bai taɓa shirya wa ranar da Dogo zai zo ya tuhumi kansa ba.

Ya durƙusa ya ture kwalaye, ya jawo sabuwar fawar. Ya naɗe takardun masu zoben shayi ya cusa a aljihu, ya ɗauki sukudireba.

"Tashi mu je benen."

"Ba na shiga can, Sarki."

"Don Allah, Yaya. Sau ɗaya."

Wannan karon ba tsokana a cikin kiran, kuma Dogo ya ji haka. Ya bi shi.

Injiniya ta gan su ta haɗe rai, amma ta bar su suka shiga. Sarkin Fawa ya roƙi a ba shi kwamfuta ɗaya da minti ashirin. Ya kwantar da ita a kan tebur, ya kwance, ya fitar da tsohuwar fawar da mahaɗinta mai kai uku. Ya zaunar da sabuwar, ya kama wayar mai haƙora sha shida ya danna ta a bakin katin har sai da ya ji ta ce ƙas, don takardun sun ja kunne cewa in ba ta shige duka ba tana iya narkewa. Hannunsa, wanda ke yin wannan aikin ko ido rufe, sau biyu yana yar da noti.

Ya jona ta a soket ɗin da ta saba mutuwa a kai. Ya ce wa mai zanen ya ɗora asibitin. Fankoki suka ɗauki kuka. Minti ɗaya ya wuce, biyu, biyar. Ginin ya fara fitowa a allo daga sama zuwa ƙasa, rufi, tagogi, inuwar bishiyoyi a kan matakala. Kwamfutar ba ta mutu ba har ya kammala.

Injiniya ta ce, "Me ka canza?"

Nan ma akwai hanyar zillewa, kuma ya gan ta sarai. Yana iya cewa sabon abu ne da ya fito, jiya-jiya ya ji labarinsa. Ba wanda zai musa masa. Ya zaro takardun ya shimfiɗa a kan teburin, zoben shayin yana sama inda kowa zai gani.

"Ranki ya daɗe, layin nan bai taɓa samun matsala ba, na farko da na biyu. Fawar da na sa ce ba ta dace da katunan ba. An ba ni wannan takardar tun kafin in haɗa su, na ɗora mata buta. Ranar da na ce miki wuta ce ba ta isar su, ta cikin akwatin nake nufi. Na ga kin fahimci ta bango, na ga kin juya kansa, na yi shiru don kada sunana ya ɓaci. Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Sauran biyar ɗin zan canza su yau."

 Injiniya ta daɗe tana kallon takardun. Da ta ɗago ba ta dube shi ba ma, kuma ya san ya cancanci haka. Wajen Dogo ta nufa.

"Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini. Yanzu zan sauka in ga mai benen da kaina, kuma duk wanda na gaya wa waccan maganar zan gaya masa wannan."

"Ba komai, ranki ya daɗe," in ji Dogo. "Abin da aka gaya miki kika bi."

Ya juya ya fita. Sarkin Fawa ya bi shi da sauri, ya cim masa a kwanar matakala tsakanin hawa na uku da na biyu, inda wata ƙaramar taga ke jefo haske. Dogo ya tsaya, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen dafawa.

"Yaushe ka tabbatar?"

"Ranar. Da na koma shago."

"Kafin in ɓalle ɗakin."

"Kafin nan."

Dogo ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa hannu a aljihun rigarsa na dama ya fito da mitar auna wuta, tsohuwa, wadda duk lambobinta sun goge. Ya sa a na hagu ya fito da wata, sabuwa, ledar fuskarta ma ba a ɓare ba.

"Wannan na fara sawa," ya ce. "Ta ce layina lafiya. Na ce ta tsufa, na je na sayo wannan. Ita ma ta ce lafiya. Soket shida, safe da rana, sau nawa ban sani ba. Sai na zauna na ce, mita biyu sun ce lafiya, Sarki ya ce ba lafiya. To ai ba a tambayar wanda za a bi. Na ce ni ne na daina ganin abin da suke nuna mini."

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi kullum sai na ɗauki waya…"

"Na sani. Na san ka." Ya mai da mitocin aljihu. Ya cire tabarau ɗin, ya murza gefen hancinsa inda ya yi masa shaida. "Likitan ma cewa ya yi idona ƙalau yake, na karatu kawai zai iya ba ni in na matsa. Na matsa."

Ya kamo hannun Sarkin Fawa, ya buɗe tafin, ya ɗora masa tabarau ɗin.

"Riƙe. Kai ne mai takardun karantawa."

Sarkin Fawa ya riƙe tabarau ɗin. Dogo ya sauka mataki uku, ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Na yafe maka, don ƙanwata da don shekarun nan. Ba zan gaya mata ba, kai za ka gaya mata." Sai ya ƙara da cewa, "Tsanina kuma kada ka bayar. Gobe zan aiko a ɗauka."

Shekara talatin Dogo bai taɓa aiko kowa shagon nan ba, da ƙafarsa yake zuwa. Sarkin Fawa ya tsaya yana jin takunsa yana nisa, hawa na biyu, hawa na ɗaya, har ƙofar ƙasa ta buɗe ta rufe. Hannunsa ya ɗaga tabarau ɗin ya sauke sau biyu, don hannu ba ya manta sabo. Ba shi da wani nauyi.

Ya koma sama. Kafin ya kira dillali a kawo sauran biyar ɗin, ya ja kujera a kusurwar ɗakin, ya sa tabarau ɗin, ya buɗe takardun daga shafin farko. Akwai shafi bakwai a ƙarshe da har yau bai karanta ba.